Zanen da ke saman akwati

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan shafi. Wasunku sun yi ta tambaya ko an fasa bikina ne, tunda na yi shiru. Ba a fasa ba, an dai kusa fasawa. Aikin jarida ya koya mini kada in rubuta abu yana tsakiyar faruwa, shi ya sa na jira.

Ga wanda yau ya fara karantawa: sunana Fiddausi. Ina zaune a Bebeji a hannun Gwaggo Tani, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun daga yaye. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, Umma ta yi aure a Doguwa, Gwaggo kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ina aika wa wata jaridar intanet labarai daga nan kudancin Kano. Wanda zan aura sunansa Musaddiq, ma'aikacin ruwa ne a Tiga.

Bara editana ya tura ni wata jami'a a Kano in ɗauko labarin wani shiri da suke yi duk Asabar a kan ƙasashen Asiya. Kyauta ne, kowa na iya shiga, ba sai ɗalibi ba. Na je da niyyar in rubuta layi goma in dawo, sai ga ni ina komawa kowane mako. A can na ga hoton Bukhara, garin da nake jin sunansa a bakin malamai tun ina islamiyya ban taɓa tunanin yana da tituna da kasuwa ba. Na ga yadda ake yin takarda da ɓawon itace a Samarƙand. Wata Asabar wani dattijo ɗan Japan ya yi kusan rabin awa yana haɗa shayi kofi ɗaya, wani mai shayi da ke kusa da ni ya ce da a tasha ne da an kore shi. Ranar da aka yi bayanin yadda manoman shinkafa na Bali ke rabon ruwa a tsakaninsu, wani dogon mutum a layin baya ya yi ta ɗaga hannu har mai gabatarwa ta ce ya bar wa wasu. Shi ne Musaddiq. Sauran labarin kun karanta shi.

Gwaggo ba ta taɓa son zuwan nan nawa ba. Ta ce sa'o'ina suna goyo ni ina can ina kallon 'yan Sin. Da Musaddiq ya turo magabatansa aka sa rana, sai ta ce shi ke nan, amarya ba ta yawo. Asabar ta ƙarshe da na halarta, wata baƙuwa daga tsibirin Java na Indonesiya, Malama Sulastiri, ta fara bayani a kan batik, wato zanen da ake yi wa ado da narkakken kakin zuma kafin a rina. A nan na ji cewa atamfar da muke ɗaurawa daga batik aka kwaikwayo ta, Turawan Holan ne suka mayar da ita aikin inji. Na so in ji ci gaban. Musaddiq ya je shi kaɗai.

Ranar Lahadi aka kawo lefe. Kamar yadda aka saba, ni ban zauna ba. Na sa doguwar riga ruwan toka na shiga gidan maƙwabta, na zauna kusa da katanga ina gyara wani rahoto a kan farashin taki a wayata. Na ji motoci sun tsaya, na ji sallama da guɗa, na ji an ja zif ɗin akwatin farko. Daga nan sai shiru. Mata sun fi ashirin a tsakar gida, amma har kukan tattabarun Gwaggo ina ji.

Da la'asar na dawo. An jera akwatunan a ɗakin Gwaggo, kaya masu kyau, ba abin da za a kushe: leshi, atamfofi, shadda, mayafai, takalma da jakunkunansu. A kan gado kuwa ga wani zane shi kaɗai. Baƙi-baƙi ne, da ƙananan furanni ruwan ƙasa kamar taurari. Ina ganinsa na gane batik ne na hannu.

"Zo nan," in ji Gwaggo. "Ke da kika yi boko, karanta mini gefensa."

"Babu rubutu a gefensa, Gwaggo."

"Auna shi."

Na auna da hannu. Bai kai yadi uku ba.

"Shinshina."

Ƙanshin kaki ne da wani abu kamar hayaƙi.

"To wannan shi ne a sama. Akwatin farko, ina buɗewa, shi hannuna ya fara taɓawa. Ba turmi ba, ba rabin turmi ba, ƙyalle. Matar Alhaji Mudi ta ce ko gwanjo ne. Wata ta ce zanen goyo suka haɗo da wuri. Husna, ƙanwar Musaddiq ɗin, ta sunkuyar da kai, ko uffan."

Ga waɗanda ba su saba ba: abin da aka ɗora a saman akwatin farko shi ne fuskar lefe. Shi mata ke ɗauka a baki su kai gidajensu. Ko akwai zinare a ƙasa, na saman za a faɗa.

"Gwaggo, zanen nan yana da daraja a inda aka yi shi."

"A inda aka yi shi. Nan Bebeji ne." Ta naɗe shi ta ajiye. "Na san dalili. Sun duba gidan sun ga ba uba, uwa kuma tana wani gari. Sun ce ai 'yar riƙo ce, ko me aka kai wa tsohuwar za ta karɓa. Da Ummulkhairi ce ke zaune a nan, da ba su yi ba."

Ummulkhairi sunan Umma ne. Rabon da in ji Gwaggo ta ambace shi na manta. Ba faɗa suka yi ba. Tun da aka ba Gwaggo ni, kowacce take kawaici, har kawaicin ya zama nisa. Gaisuwar Sallah ma ta bakina take bi.

A gabana ta kira Baffa Gwadabe a Kiru, wanda shi ne waliyyina. Ta ce ya zo da a-kori-kura ranar Lahadi mai zuwa a mayar da akwatuna Tiga. Baffa ya yi ta cewa, "Yaya, a yi haƙuri, a bincika." Ta ce ta gama bincike da idonta. Kowa ya san abin da mayar da lefe yake nufi.

Na shiga ɗakina na rubuta wa Musaddiq: "Wa ya sa batik a saman akwati?"

"Ni ne. Ya burge ta?"

"Za a dawo muku da kaya ranar Lahadi."

Ya kira, ban ɗauka ba, don Gwaggo na tsakar gida. Sai saƙonni suka yi ta shigowa.

"Fiddausi, ba naki ba ne. Na Gwaggo ne."

"Malama Sulastiri ta ce wannan adon iyayen amarya da na ango ne ke ɗaura shi ranar biki. Shi ne na saya."

"Na ce wa Husna ta sa a sama don hannun Gwaggo ya fara taɓa shi, kuma ta yi bayani."

"Yanzu na kira ta. Ta ce da ta ga fuskokin mutane sai bakinta ya mutu."

Na rubuta: "Me ya hana ka sa shi cikin kayan iyaye, kamar kowa?"

"Na ga kamar a can zai ɓace a cikin atamfofi."

Mutumin da ya san ta inda ruwa ke bi daga Tiga har Kadawa, bai san ta inda magana ke bi a gidan biki ba. Ban rubuta masa wannan ba. Na ce ya bar kira, kuma kada ya turo kowa ba da haƙuri.

Washegari Gwaggo na zaune a zaure na ciki tana yanka salatif da reza a kan faranti. Sana'arta ke nan, ƙunshi. Amaren Bebeji da yawa ita ta yi musu jan lalle: ta manna salatif a ƙafa yadda take son adon, ta shafa lalle, in an cire sai inda aka rufe ya fito fari. Na durƙusa na faɗa mata abin da Musaddiq ya ce.

Ba ta ɗago ba. "Jiya da dare kuka shirya wannan?"

"A'a, Gwaggo."

"Yaro ya yi ɓarna, an samo masa tatsuniya daga bangon duniya, inda ba wanda zai je ya tambaya."

"Matar tana Kano. Ranar Asabar za a rufe shirin, ita ce za ta yi na ƙarshe. Mu a wurin aiki, in an faɗa mana magana, wurin mai ita muke zuwa."

Ta ci gaba da yanka. Sai da ta gama layi guda ta ce, "Ba ke za ki yi mini tafinta ba."

"To."

"Kuma kada ya sani."

Ban faɗa masa ba. Kwanakin nan na tsakani ban ji daɗinsu ba, iyakar abin da zan ce ke nan.

Ranar Asabar Gwaggo ta ɗaura atamfarta sufa koriya ta zuwa suna, ta yafa babban mayafi, ta sa zanen a baƙar leda ta cusa a jaka. A mota, da muka wuce Kura, ta ce, "Kuɗin shiga nawa ne?" Na ce kyauta ne. Ta ce abin kyauta ai da walakin.

Zauren jami'ar ya cika: ɗalibai, 'yan Kantin Kwari, teloli, wasu dattawa daga marina da shuɗin hannuwansu. An rataye zannuwa a bango, kowanne da 'yar takardar bayani da Hausa da Turanci. Na hango Musaddiq a layin baya. Yana ganin Gwaggo ya miƙe, ya rasa inda zai sa kansa, ya koma ya zauna. Gwaggo ta yi kamar ba ta gan shi ba.

Malama Zainab, wadda ke shirya taron kuma take fassara, ta ga dattijuwa ta ba ta kujera a gaba. Malama Sulastiri 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, da ɗan hijabi ruwan hoda. Ta yi sallama, Gwaggo ta juyo ta kalle ni.

"Musulma ce?"

"Eh."

"Ba ki faɗa ba."

Matar ta zauna a kan 'yar kujera, ta ɗora farin yadi a cinya. Kusa da ita akwai ƙaramin kasko a kan risho, kaki na narkewa a ciki. Ta ɗauki wani ɗan ludayi na tagulla mai siririn baki kamar na buta, suna kiransa cantin. Ta ɗebo kaki, ta hura bakin sau ɗaya, ta fara ɗiga a kan yadin. Malama Zainab ta yi bayani cewa duk inda kaki ya rufe, rini ba zai kama ba, in an gama sai a tafasa yadin kakin ya fita.

Gwaggo ta matso da kujerarta. Can ta ce, ba da ni take ba, "Ashe ƙunshi ake yi wa zane."

Da aka ce ko akwai mai son gwadawa, ɗalibai biyu suka fita, kaki ya zube musu a yadi, aka yi dariya. Sai na ga Gwaggo ta miƙe ta gyara mayafi. Ta karɓi cantin ta jujjuya shi, ta ɗebo, ta hura kamar yadda ta ga an yi. Ɗigon farko ya yi ƙato. Ta ce, "Af, yana da gudu." Na biyu ma bai yi ba. Malama Sulastiri ta kama wuyan hannunta ta ɗan karkata yadin, a na uku layi ya fito, ya ɗan karkace amma layi ne. Matar ta kalli yatsun Gwaggo da suka rine da lalle, ta nuna nata da kaki ya ƙona, suka yi wa juna dariya ba tafinta.

Bayan an tashi mutane suka kewaye teburin. Gwaggo ta jira suka ragu, sannan ta ciro ledar. Ta nuna mini wata kujera nesa kaɗan. Na zauna inda zan iya ji.

"'Yata," ta ce wa Malama Zainab, "tambayar mini ita. Wannan, a garinsu, wa ke ɗaura shi?"

Malama Sulastiri ta buɗe zanen ta shafa shi. Ta gane shi. Ta yi magana a hankali, Malama Zainab tana juyawa.

"Ta ce sunan adon turuntum. Iyayen amarya da iyayen ango ne ke ɗaura shi ranar aure. Alama ce ta cewa su suka riƙe hannun yaran suka nuna musu hanya."

"Amarya ba ta ɗaurawa?"

"Ta ce amarya da nata daban."

"Me ya sa bai kai turmi ba?"

"Haka tsawonsa yake, Hajiya. Zane ɗaya ne, ba a yanka shi, ba a ɗinka shi."

"Gefensa ba rubutu."

Matar ta yi murmushi da aka fassara mata. Ta juya zanen, ta nuna wa Gwaggo cewa ciki da waje duk ɗaya ne, don kowace fure sau biyu aka ɗiga ta, gaba da baya. Ta ce inji ne ke sa suna a gefe. Ta ce wani dogon saurayi ne ya saya, ya yi ta tambaya har ta gaji.

Gwaggo ta daɗe tana kallon furannin. Sai ta ce, "Tambaye ta. Uwar da ta haifa, ko wadda ta riƙe?"

Malama Zainab ta ɗan dube ni kafin ta fassara. Malama Sulastiri ta cire tabarau ta goge.

"Ta ce ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba. Ta ce ita dai a ganinta, in su biyu ne, sai a yi biyu."

"Akwai wani?"

"Shi kaɗai ta zo da shi."

"Kwana nawa ake yin ɗaya?"

"Ta ce wata uku, in hannu ya saba."

Gwaggo ta naɗe zanen da kanta. Ba ta mayar da shi leda ba, ta sa shi a ƙarƙashin mayafinta. Da za mu tafi Malama Sulastiri ta ba ta cantin ɗaya da guntun yadin da ta yi gwaji a kai. Gwaggo ta buɗe jaka ta ba ta ƙullin lalle da kwalbar humra. Ban san ta taho da su ba.

A bakin ƙofa Musaddiq ya durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya. Kai ne mai tambaya?"

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Duk tambayar da ka yi wa mutanen Indonesiya, da ka rage ɗaya ka yi wa yayyenka mata, da ba mu zo nan ba."

"Na yi kuskure, Gwaggo."

"Ka yi. Tashi, kana tare wa mutane hanya."

A mota ta kira Baffa Gwadabe ta ce ya bar a-kori-kurarsa ta huta. Na ji yana ta hamdala. Ta ƙara da cewa ya gaya wa matarsa, ita kuma ta gaya wa matar Alhaji Mudi, cewa zanen nan na uwar amarya ne, daga Indonesiya, aikin hannu, kuma ita da kanta ta je jami'a ta gani. Ta maimaita kalmar jami'a.

Ina so in yi godiya a nan, don na san Malama Zainab tana karanta shafin nan. Kun buɗe ƙofa ba ku tambayi kowa takardar makaranta ba, kun ba tsohuwa kujerar gaba. Allah ya saka da alheri. Na shiga zauren nan neman layi goma, na samu abin da ya fi haka.

Mun iso gida gab da magariba. Bayan salla Gwaggo ta shimfiɗa zanen a kan gado, ta ajiye cantin a gefensa. Ta ce in ba ta lambar Umma. Na sa mata, na tashi zan fita, ta ce in zauna.

"Ummulkhairi? Tani ce... Lafiya lau, ba abin da ya faru. Ya yaran? Ya maigidan?... Nan wajenku masu zuma na Falgore suna sayar da kaki? Wanda aka tace nake so, mai yawa... A'a, ba na magani ba ne. In kin zo kya gani. Ki zo da kanki, kada ki aiko."

Sun yi magana ta kai minti ashirin. Da ta ajiye ta ce gobe in je kasuwa in samo farin yadi mai laushi, kuma in nemo mata lambar ɗaya daga cikin dattawan marinar nan.

"Gwaggo, matar ta ce wata uku. Saura wata ɗaya biki."

"Ta ce in hannu ya saba. Nawa bai saba ba."

"To ya za a yi?"

"Ba zan zauna a gaban mutane da zanen uwa Ummulkhairi tana gefe da atamfa ba." Ta ɗauki cantin ta hura bakinsa, ko da yake babu komai a ciki. "Rubuta wa mai tambayar nan. Ki ce Gwaggo ta karɓi lefe, ta gode. Ki ce kuma a ɗaga biki zuwa bayan babbar Sallah."

Wannan ita ce matar da ta shekara huɗu tana ce mini sa'o'ina suna goyo. Na rubuta saƙon yadda ta faɗa, ban ƙara ko wasali ba, na tura. Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu ya tsaya, ya sake farawa ya tsaya.

Gwaggo ta leƙo wayar. "Me ya ce?"

"Bai ce komai ba tukuna."

"Bar shi," in ji ta. "Yau dai tambaya ta ƙare masa."